Yadda Ake Haɗa Amfilifaya Mai Bawul don Hedifon na Ilektirostatik, da Yadda Ake Gano Matsalolinta

Hedifon na ilektirostatik ba ya aiki da maganaɗisu da naɗin waya irin na sauran hedifon da aka saba gani. A cikin kowane kunnensa akwai wani tantani na roba wanda kaurinsa bai wuce maikuron ɗaya zuwa biyu ba (maikuron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), an miƙe shi tsakanin faranti biyu masu ƙananan hudoji, waɗanda ake kira sitato. Ana ɗora wa tantanin tsayayyiyar wuta mai ƙarfi da masu sana'ar ke kira bayas, sannan a aika sauti zuwa farantan biyu a saɓanin juna, ta yadda idan wutar na gaba ta hau, ta na baya za ta sauka. Ɗaya yana jan tantanin, ɗayan yana tura shi, motsinsa kuma shi ne sautin da kunne yake ji. Saboda wannan tsari, abin da hedifon ɗin yake nema shi ne ƙarfin wuta na ɗaruruwan bolt tare da gudun wuta ɗan kaɗan, wanda ake aunawa da miliamfa. A irin wannan yanayi ne bawul, wato kwalbar gilashin nan ta tsofaffin rediyo, yake aiki tun asali, don haka ana iya haɗa shi da hedifon ɗin kai tsaye ba tare da taransfomar fitar da sauti ba.

Kafin a sayi ko da rizista ɗaya, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, wajibi ne a san irin hedifon da za a yi wa amfilifayar. Kamfanin Stax na Japan, wanda ya fitar da hedifonsa na farko mai suna SR-1 a shekarar 1960, ya daɗe yana amfani da bayas na bolt 230 da filogi mai ƙafa 6, sannan a 1982 ya ɓullo da na bolt 580 mai ƙafa 5, wanda ake kira Pro, kuma shi ne ya zama ruwan dare a yau. Wasu kamfanoni suna da nasu ma'aunin: Koss ESP-950 yana aiki da bolt 600, Sennheiser HE60 kuma da bolt 540. Soket ɗin Pro ba shi da ramin tsakiya, kuma da gangan aka toshe shi, domin kada a cusa tsohon hedifon mai ƙafa 6 a cikin wutar da ta ninka tasa fiye da sau biyu, tartsatsi ya huda masa tantani. Wannan bayani zai tsaya ne a kan bayas na bolt 580.

Haɗarin da ke cikin aikin

A cikin akwatin wannan na'ura za a sami bolt 350 sama da sifili da wani 350 ƙasa da sifili, wato bolt 700 tsakanin wayoyi biyu da ba su fi ɗan yatsa nisa da juna ba, kuma 'yan gomomin miliamfa da suka ratsa ƙirji sun isa su tsayar da zuciya. Kashe makunni ba ya kawar da haɗarin. Kafasita, wato ma'ajiyar wuta, mai maikurofarad 220 da aka cika zuwa bolt 420 tana riƙe da kusan jul 20, kuma tana iya ajiye shi tsawon lokaci bayan an zare filogi daga bango. Wanda bai taɓa haɗa na'ura mai bawul ba, a ganina, bai kamata ya fara da wannan ba. Ya fara da ƙaramar amfilifaya mai wuta guda ɗaya, hannunsa ya faɗa tukuna.

Ƙa'idojin aikin ba su da yawa, amma ba a yi musu rangwame. Ana maƙala wayoyin mita ne da 'yan maƙalai tun na'ura tana kashe, a janye hannu, sannan a kunna. Idan ya zama dole a taɓa wani abu da tsinken mita alhali akwai wuta, a yi da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin aljihu, an cire zobe da agogo. Bayan an kashe, ba a yarda cewa kafasitoci sun huce sai mita ta nuna ƙasa da bolt 10 a kan kowace ɗaya. Ita kanta mitar da wayoyinta su kasance masu jure bolt 1000. Kada a yi wannan aiki cikin gajiya, kuma ya kasance akwai wani a kusa wanda ya san inda ake kashe wutar ɗakin.

Lissafin da ke tantance komai

A wajen amfilifaya, hedifon na ilektirostatik kafasita ne kawai, mai kimanin fikofarad 100 zuwa 120 idan aka haɗa da wayarsa. Kafasita kuwa tana ƙara jan wuta gwargwadon siririn sauti. A kilohaz 1, fikofarad 120 tana tare wuta kamar rizista mai mega'om 1.3, amma a kilohaz 20 tarewar tana faɗowa zuwa kusan kilo'om 66, wanda ke nufin cewa kai bolt 500 tsakanin farantan biyu a wannan mataki yana cin miliamfa 7.5. Daga nan ne ake samun adadin wutar da ya kamata ta riƙa gudana a kowane bawul na fitarwa ko da babu sauti: miliamfa 7 zuwa 10. Idan aka yi rowa aka ba shi 3 ko 4, amfilifayar za ta yi kiɗa, sai dai duk lokacin da sauti ya yi ƙarfi, siraran muryoyi za su yi kaushi.

Abu na biyu shi ne yawan ƙarin da ake bukata. Galibin hedifon na Stax suna ba da kusan desibel 100 idan an ba su bolt 100, alhali na'urorin da ke fitar da kiɗa ba su wuce bolt ɗaya ko biyu ba. Shi ya sa ake gina waɗannan amfilifayoyi su ninka sauti sau 500 zuwa 1000, wato desibel 54 zuwa 60. Ninki mai yawa haka yana da tsada ta wani ɓangare, domin duk wani ɗan ƙugi da ya lallaɓa ya shiga ta ƙofar farko, shi ma sau dubu za a ninka shi.

Zaɓen zane da bawul

Ba na ba mai farawa shawarar ya ƙirƙiro zanen kansa. Akwai zane-zanen da mutane da yawa suka riga suka gina, aka san halinsu. Kevin Gilmore ya fitar da KGST mai amfani da bawul 6S4A, da Blue Hawaii mai amfani da EL34, waɗanda dukansu suna haɗa bawul da tiransista masu yawa. Mafi sauƙin fahimta shi ne tsohon zanen Stax da ake kira SRX, wanda James Lin ya gyara ya wallafa a mujallar audioXpress a 2015 da sunan SRX Plus: kowane kunne yana da bawul 12AT7 guda biyu a matakin shiga da 6SN7 guda ɗaya a matakin fita. Misalan da ke tafe sun dogara ne a kan tsari irin wannan, amma ainihin adadin kowace rizista a ɗauke shi daga zanen da aka zaɓa.

A kula da haruffan da ke bayan sunan 6SN7, domin a nan mutane ke yawan tuntuɓe. Nau'in GTA da GTB suna jure bolt 450 a kan anod, wato farantin cikin bawul da ake ɗora wa babbar wuta, da wat 5 a kowane ɗaya daga ɓari biyun da ke cikin kwalbar, ko wat 7.5 idan ɓarin biyu suna aiki tare, amma tsohon 6SN7GT mara ƙarin harafi an yi shi ne don bolt 300 kawai. A bolt 350 da miliamfa 7, kowane ɓari yana ƙona kusan wat 2.5, jimilla wat 5 a kwalba ɗaya, wanda GTA da GTB za su ɗauka cikin kwanciyar hankali, tsohon kuwa yana bakin iyakarsa ta zafi, ya kuma haura iyakarsa ta ƙarfin wuta.

Saura abin da za a ɗora wa anod. Hanya mafi sauƙi ita ce rizista mai kilo'om 50, wadda ke ba da miliamfa 7 daga bolt 350, a zaɓe ta mai wat 10 ko a jera ƙanana da yawa bi da bi. Aibinta shi ne tana shanye wani kaso na wutar sautin da ya kamata ta tafi hedifon. Hanya mafi kyau ita ce a maye gurbinta da ɗan haɗin tiransista mai tsayar da gudun wuta a adadi guda, wanda aka fi yi da IXCP10M90S mai jure bolt 900 a sama da DN2540 a ƙasa. Ƙarin wahalar ba ta da yawa, ribar kuwa a fili take.

Mataki na farko: akwati da shimfiɗa kaya

A sami akwatin ƙarfe ko na alminiyam mai yalwa da ramukan shan iska sama da ƙasa. A ajiye taransfoma a kusurwa mafi nisa da ƙofar shigar sauti, a sa bawul na shiga kusa da maɓallin ƙara murya, na fita kuma kusa da soket ɗin hedifon, domin kowace santimita ta wayar fita ƙarin kaya ce a kan bawul. Wayar ƙasa ta filogin bango, wato wayar kariya da ke zubar da wuta cikin ƙasa, ita ce ta farko da za a ɗaura, a kan nata kusa ita kaɗai, bayan an kankare fenti har ƙarfe ya fito, sannan fiyus da makunni a kan waya mai wuta. Duk inda bolt 700 zai tsaya tsakanin wurare biyu marasa rufi, a bar tazarar milimita 4 ko fiye. Wayoyin ciki su zama masu jure bolt 1000, soket na bawul kuma na tangaran ko na tefulon.

Mataki na biyu: babbar wuta

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi cancantar haƙuri, kuma ana kammala shi a gwada shi shi kaɗai kafin a liƙa komai na sauti. Ana bukatar taransfoma mai naɗi biyu na kimanin bolt 300 kowane, ɗaya don wutar sama, ɗaya don ta ƙasa. Bayan dayod huɗu irin UF4007 sun miƙe wutar, kafasita ta tace ta, bolt 300 yana komawa kusan 420, daga nan sai mai daidaita wuta ya sauko da shi zuwa 350. Tazarar bolt 70 da ke tsakani ita ce ajiyar da ke hana na'ura rikicewa idan wutar bango ta yi ƙasa, amma kuma zafi ce, kusan wat 3 a miliamfa 40, don haka tiransistar da ke wannan aiki tana bukatar ƙarfen shan zafi mai girma da abin raba ta da shi wanda ke jure babbar wuta.

Kafasitoci su zama na bolt 500 ko sama. Idan na 450 kawai aka samu, a jera biyu bi da bi, a ɗora wa kowace rizista iri ɗaya a gefenta domin su raba wutar daidai. Kowace babbar kafasita kuma tana bukatar rizistar da za ta zubar da wutarta bayan an kashe, misali kilo'om 220 mai wat 3. Da maikurofarad 220, wannan rizista tana bukatar kusan minti 4 kafin ta kwashe wutar, abin da ke nuna dalilin da ya sa gaggawar sa hannu bayan kashewa take da haɗari ko da an yi komai daidai.

Kunnawar farko a yi ta ne ta cikin kwan fitila mai zare na wat 60 da aka jera a kan wayar wutar bango. Idan komai lafiya, kwan zai yi haske na ɗan lokaci yayin da kafasitoci ke cika, sannan ya dushe. Idan ya ci gaba da haske sosai, akwai inda wayoyi suka haɗu, a kashe nan take. Bayan an wuce wannan, a rataya wa kowace wuta rizista mai kilo'om 10 da wat 25, wadda za ta ja miliamfa 35 kamar yadda amfilifayar za ta ja, a bar ta rabin awa ana kallon mita. A rubuta kowane adadi a takarda, da kaya da babu kaya, domin waɗannan adadi su ne za a koma wa ranar da matsala ta taso.

Mataki na uku: bayas

Ana samun bayas ta hanyar ninka wutar ɗaya daga cikin naɗin taransfoma da dayod biyu da kafasita biyu, abin da ke ba da sama da bolt 800, sannan a sauko da ita ta cikin rizista zuwa jerin dayod na zena, misali uku na bolt 150 da ɗaya na 130, waɗanda jimillarsu ta kama 580. Bayan su sai ƙaramar kafasita mai maikurofarad 0.1 da bolt 1000, sai kuma abu na ƙarshe kafin soket: rizista mai mega'om 4.7 ko 5. Wannan rizista ita ce mai gadin tantani da kan mai saurare, domin ita ke taƙaita wutar da za ta iya fita zuwa ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na miliamfa ba. Tsarin jerin yana da muhimmanci ƙwarai: ba a taɓa sa kafasita bayan wannan rizista, don kuwa duk abin da ta tara zai zube ne kai tsaye a kan tantani idan tartsatsi ya tashi. Ƙananan rizistocin yau da kullum ba sa jure fiye da bolt 250 zuwa 350, saboda haka a nemi wadda aka yi musamman don babbar wuta.

Akwai wani abu da ke firgita masu farawa a nan. Idan aka auna bayas a bakin soket, mita za ta nuna kusan bolt 395, mutum ya ɗauka ya yi kuskure, ya shiga ƙara wuta. Babu kuskure: mitar kanta rizista ce mai mega'om 10, kuma ita da mai mega'om 4.7 sun raba 580 ne a tsakaninsu. Wurin auna bayas na gaskiya shi ne gabanin rizistar, a kan ƙaramar kafasita. Wanda ya ƙara wuta har soket ya nuna 580 ya ɗora wa hedifonsa fiye da bolt 850 ke nan.

Mataki na huɗu: wutar hita

Kowane 6SN7 yana cin amfa 0.6 a bolt 6.3, kowane 12AT7 kuma amfa 0.3 idan an haɗa shi a 6.3. Matsalar ba ta yawan wuta ba ce, ta bambancin wuta ce tsakanin hita, wato zaren da ke ɗumama bawul, da katod ɗin da take ɗumamawa, wanda ke da iyaka: bolt 90 ga 12AT7, bolt 200 ga 6SN7GTB. A wannan zane katod na bawul ɗin fita yana zaune ne kusa da bolt 350 ƙasa da sifili, don haka hitarsa tana bukatar naɗin taransfoma nata daban, wanda ba a haɗa da ƙasa ba, a ɗaure tsakiyarsa da wutar nan ta bolt 350 ƙasa da sifili ta cikin rizista kamar yadda zane ya nuna. Idan aka haɗa dukan hitoci a naɗi ɗaya aka kai shi ƙasa, rufin da ke cikin bawul zai fashe, wani lokaci a ranar farko, wani lokaci bayan makonni na ƙaras-ƙaras da ba a gane tushensa ba. A murɗa wayoyin hita biyu-biyu sosai, a bi da su ta gefen akwati nesa da wayoyin girid, wato ƙafar bawul da sauti ke shiga ta cikinta.

Mataki na biyar: hanyar sauti

A liƙa kunne ɗaya a gama shi kafin a shiga na biyu. Kowane girid yana bukatar 'yar rizista ta kusan kilo'om 1 da aka liƙa a kan ƙafar soket ɗin kanta, jikinta yana kusan taɓa ƙafar, haka ma ƙofar kowace tiransista, wato ƙafar da ake sarrafa ta da ita. Idan aka bar mata doguwar ƙafa, amfaninta ya tafi. Kafasitocin da ke kai sauti daga matakin shiga zuwa na fita suna da wutar sama a gefe ɗaya, ta ƙasa a ɗaya gefen, don haka na bolt 1000 ne suka dace. A kan kowace waya ta fita guda huɗu a jera rizista mai kilo'om 5.1, irin wadda Stax ke sawa, domin kare hedifon. Wayoyin ƙasa na sauti su taru a wuri guda, daga nan waya ɗaya ta tafi akwati. Idan an gama liƙi, a wanke ragowar man dalma da sinadarin aisofurofil har allon ya yi fes, a bar shi ya bushe sarai. Kafin a haɗa soket ɗin hedifon, a tabbatar da wace ƙafa ce ta bayas ta hanyar gwada zanensa da filogin a hannu, domin zanen da aka yi daga gaba yana juyewa idan aka dube shi daga bayan soket.

Mataki na shida: kunnawa da saiti

Hedifon ba ya shiga wannan mataki. A madadinsa a sa kafasita mai fikofarad 100 ko 120 da bolt 2000 tsakanin wayoyin fita biyu na kowane kunne. A fara kunna hita kaɗai, a ga dukan bawul sun yi ja, sannan a kawo babbar wuta ta cikin kwan fitila. Muddin bawul bai yi zafi ba, ba ya jan wuta, don haka wayoyin fita suna hawa har kusa da 350 kafin su sauko. Ba matsala ba ce, amma ita ce hujjar sa abin jinkirta babbar wuta da kamar daƙiƙa 30.

Kowane kunne yana da 'yan maɓallan saiti biyu. A rufe murya gaba ɗaya, a sa mita tsakanin wayoyin fita biyu, a juya na daidaito har bambancin ya kusa sifili. Daga nan a mai da mita tsakanin waya ɗaya da ƙasa, a juya na biyun har nan ma ya kusa sifili. Su biyun suna jan juna, don haka sai an yi ta komawa. A yi amfani da sukundireba na roba, a sake saitin bayan na'ura ta yi awa guda a kunne kuma murfinta yana rufe a tsakani. Ba sai an wahalar da kai wajen neman sifili cif ba. Yawon bolt biyu ko biyar ba komai ba ne a gefen bayas na 580.

Wanda ke da osiloskof, wato na'urar da ke zana siffar wuta a kan allo, ya shigar da sautin kilohaz 1 mai bolt 0.1, ya duba ko wayoyin biyu suna ba da igiya mai girma ɗaya a saɓanin juna, ya yi amfani da tsinke mai rage wuta sau 100. Maƙalin ƙasa na osiloskof ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin wayoyin fita, domin dukansu masu wuta ne. Sai duk wannan ya yi kyau sannan a cusa hedifon, murya a ƙasa, kuma a fara da mafi arha da ake da shi.

Idan ta ƙi

Hanyar gano matsala guda ce: a raba na'urar kashi-kashi, a auna, a kwatanta da adadin da aka rubuta, kuma a canza abu ɗaya kacal a kowane gwaji. Samun kunne biyu babbar dama ce, tunda mai lafiya yana nuna abin da ya kamata marar lafiya ya nuna.

Idan wayar fita ta maƙale kusa da 350 na sama ta ƙi saukowa, bawul ɗinta ba ya jan wuta: ko hita ba ta kama ba, ko hanyar katod ta yanke, ko ƙafa ba ta zauna a soket ba. Idan ta nutse can ƙasa da sifili, ko dai mai tsayar da gudun wuta na sama ya mutu, ko bawul yana jan fiye da kima, kuma mafi yawan abin da ke jawo haka shi ne kafasitar shiga mai yoyo da ke kai wutar sama kan girid. Ana kama ta ta hanyar zare bawul ɗin fita a auna wuta a kan rizistar girid. Ya kamata a ga sifili. Anod da ya fara ja kamar garwashi alama ce ta wannan cuta, kuma ba a tsayawa kallo, kashewa ake yi. Idan kuwa waya ɗaya ta haura sama, 'yar'uwarta ta nutse ƙasa, ko aka ji ƙara mai tsanani da zarar bawul ya yi zafi, a duba wayoyin da ke mayar da sauti baya zuwa matakin shiga, domin sau da yawa an musanya su ne.

Ƙugi iri biyu ne. Mai laushi da ke daidai da wutar bango, haz 50 ko 60, yana fitowa ne daga wayoyin hita, ko kusancin taransfoma, ko wayoyin ƙasa da suka yi zobe. Mai kaushi na haz 100 ko 120 daga babbar wuta yake, kuma yawanci yana nufin mai daidaita wuta ya rasa tazararsa ko wata kafasita ta gaji. A zare wayar da ke kawo kiɗa, a haɗe bakin shigar da ƙasa: idan ƙugin ya ɓace, tsakanin na'urorin biyu yake. Maganinsa shi ne a raba ƙasar sauti da akwati da rizista mai om 10 da manyan dayod biyu masu kallon saɓanin juna a gefenta. Cire wayar ƙasa ta bango yana iya kashe ƙugin, amma yana mai da akwatin tarko, don haka ba a yin sa ko da na gwaji ne.

Matsala mafi ɓuya ita ce amfilifaya ta riƙa kaɗawa da kanta a matakin da kunne ba ya ji. Alamominta su ne adadin mita ya yi tsalle da zarar tsinke ya taɓa wuri, ko ƙugi ya canza idan aka kawo hannu kusa da bawul, ko ƙarfen shan zafi ya yi zafin da lissafi bai nuna ba, ko saiti ya ƙi zama. A osiloskof layin yana yin kauri kamar an zana shi da buroshi. A gajarta wayoyi, a raba na shiga da na fita, a matso da rizistocin girid da na ƙofar tiransista, a ƙara musu girma kaɗan idan ya kama.

Ƙaras-ƙaras da tsartuwa galibi daga ƙafafun bawul masu datti suke, ko liƙin da bai kama ba, ko rizista da aka ɗora wa wutar da ta fi ƙarfinta. A musanya bawul na hagu da na dama a ga ko ƙarar za ta bi shi. A ƙwanƙwasa kayan ɗaya bayan ɗaya da sandar roba ko busasshen itace, ban da fensir, tunda bakinsa yana ɗaukar wuta. Kashe fitilar ɗaki na ɗan lokaci yana iya tona ƙaramin tartsatsi shuɗi a inda tazara ta yi kaɗan.

Idan kunnuwa biyu sun yi rauni tare, sautin kuma ya zama siriri, a fara da bayas. Idan ɗaya ne ya fi ɗaya, a shigar da sauti guda a duka biyun a auna a bakin soket. Matuƙar adadin ya zo ɗaya, amfilifayar ba ta da laifi, hedifon ne. Danshi, ƙura, ko silin gashi da ya shiga tsakanin tantani da faranti suna zubar da bayas, su jawo rauni ko wani siririn kuka. Sau da yawa zare filogin, a haɗe ƙafafunsa da ɗan ƙarfe don su huce, a ajiye shi kwana ɗaya ko biyu a busasshen wuri cikin rufi yana dawo da shi. Ɗan ƙarar da ake ji idan an danna hedifon a kunne kuwa iska ce ta tura tantani, ba lalacewa ba ce.

Bawul yana canza hali a makonninsa na farko, saboda haka a sake duba daidaito bayan mako ɗaya, sannan bayan wata ɗaya, da kuma duk lokacin da aka sauya ko da kwalba ɗaya ce. Idan maɓallin daidaito ya kai ƙarshensa bai kawo bambancin kusa da sifili ba, ɓarin bawul ɗin biyu sun yi nisa da juna, sai a nemi wani wanda aka auna ɓarinsa suka zo ɗaya.